A rubutun fim, tsakar gida waje ce

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da matasanmu masu rubuta labarin fim, musamman na karkara.

Ina duba wa samarin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo rubutunsu a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma kusan kullum matsalar ɗaya ce. Yaro zai rubuta "GIDAN MALAM" a sama, sai ya bar jarumi ya shigo zaure, ya ratsa tsakar gida, ya leƙa madafi, ya faɗa ɗakin uwargida, duk a fitowa guda. Ranar ɗauka kuwa sai a yi cirko-cirko.

Layin nan da ake rubutawa a saman kowace fitowa, wato kanta, abu 3 yake gaya wa darakta da mai kyamara: ciki ne ko waje, wane wuri, rana ko dare. Misali: CIKI. ƊAKIN UWARGIDA – DARE.

A tsarin da aka aro daga Amurka, an yarda a sa babban kai ɗaya, sannan a riƙa sa ƙananan kawuna kamar FALO ko KICIN, domin gidajensu rufi ɗaya ne. Namu ba haka yake ba. Tsakar gida sararin Allah ce, rana ke haska ta, ga kukan awaki da ƙarar turmi daga maƙwabta. Ɗakin ƙasa mai 'yar ƙaramar taga kuwa ko da azahar sai an kunna fitila. Don haka ni a ganina, da zarar jarumi ya ɗaga labule ya fito, a buɗe sabon kai: WAJE. TSAKAR GIDA – RANA.

Sannan ba a ɗaukar fim bi da bi. Sau da yawa zauren na wani gida ne, ɗakin na wani, ko da kwana biyu a tsakani. Idan a labarin lokaci bai shuɗe ba, a rubuta CI GABA a ƙarshen layin, don a tuna cewa hular da jarumi ya shiga da ita da butar da ke hannunsa su ne zai fito da su. In kuma so ake kyamara ta bi shi ba yankewa, a faɗa ƙarara.

Edita, da za ka ba gogaggun marubutan Kannywood shafi su riƙa kawo misalai da irin gidajenmu, da yaran nan sun amfana ƙwarai.

Naka,
Wani mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa