Ulun Aislan ba ruɓaɓɓe ba ne, ba a kaɗa shi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili domin jan hankalin 'yan'uwa masu saƙa da ke sayen ulu ta intanet, musamman irin wanda ake kira Plötulopi, na ƙasar Aislan da ke arewacin Turai. Akwai masu ɗaukarsa tsohon kaya ko na jabu, don ana jansa ya tsinke. Ba haka ba ne. Gashin tunkiya ne da aka wanke, aka taje, aka miƙar, amma ba a murɗa shi ba, kamar shiɓaɓɓiyar auduga kafin ta hau mazari. Ƙarfinsa yana zuwa ne bayan an saƙa shi.

Tumakin Aislan gashi biyu gare su: na sama mai tsawo da kauri wanda ke kore ruwa, da na ciki gajere mai laushi wanda ke riƙe ɗumi. A haɗe ake taje su. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, ba su da irin wannan gashi, kuma galibin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne. Shi ya sa hannun da ya saba da fizgar na roba ke wahala da wannan.

Ana sayar da shi a naɗe kamar faifai, kowane wajen giram 100, tsawonsa wajen mita 300. Sili ɗaya na yin mayafi mara nauyi, amma ba na mai koyo ba ne. A fara da sili biyu da kibiya mai kaurin milimita 4.5 zuwa 5.5. A ciro baki ɗaya daga tsakiyar faifan, ɗaya daga gefe, a haɗa, a naɗe su ƙwallo sako-sako. Kada a taɓa jan zare kai tsaye daga faifai ana cikin saƙa. A warware kamar kamu biyu da hannu a ajiye a cinya, in ya ƙare a ƙara. Rigar sanyi ta babban mutum da sili biyu kan ci faifai 5 zuwa 7.

Inda aka fi shan wuya shi ne layin farko, domin nan ne ake matse zare. A ɗan murza shi da yatsu kafin kowane madauki, ko a haɗa shi da wani siririn zare kaɗaɗɗe. Haka ma wajen ɗinke hammata: in aka yi ta ratsa shi da allura zai saɓule, gara a nemi zare mai ƙarfi mai launi ɗaya.

In ya tsinke, kuma zai tsinke, kada a ƙulla. A ɗora bakin nan kan wancan kamar tsawon yatsa, a jiƙa tafin hannu da ruwa (wasu da yawu suke yi, kuma yana aiki), a murza da sauri har ya yi ɗumi. Gashin na da 'yan ƙananan ɓawo da ke sarƙe juna in sun samu laima da gogayya. Na roba ba ya yin haka.

Wannan sarƙewar ce kuma ke kashe riga a wanki. Ruwan zafi da cuɗa da injin wanki za su mayar da rigar baba ta zama ta yaro, ta yi tauri, kuma ba ta komawa. A jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi, wajen digiri 30, da sabulu mara kaifi. A ɗauraye da ruwa mai ɗumi iri ɗaya, a naɗe cikin tawul a danne, a shimfiɗa a inuwa. Rataya ta a igiya na sa nauyin ruwa ya ja ta. Bayan hunturu a adana ta a wanke cikin jaka mai rufi, saboda asu ya fi son ulu mai gumi.

Daga wasu masu sana'ar saƙa,
Jos, Jihar Filato.