Wasiƙa Zuwa Ga Nura a Indiya

Assalamu alaikum mutumina,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu! Ya karatu, ya zafin Delhi? Kada ka ɗauka zumunci ne ya motsa ni, jarrabawa ce ta taso ni a gaba. Kwas ɗin tarihin addinai da na ɗauka don gudun lissafi, ga shi ya haɗa ni da Buddha.

Tarihin mutumin bai dame ni ba. Siddhartha Gautama ɗan sarauta ne, haihuwar Lumbini da ke Nepal a yau. Ya bar fada, ya yi zaman tunani a gindin bishiya a Bodh Gaya, ya fara wa'azi a Sarnath, ya mutu a Kushinagar. Gaskiyoyinsa huɗu da tafarkinsa mai rassa takwas kuwa na haddace tas. Halliru har waƙa ya mayar da su yana rerawa a ɗaki, sai da Ustaz ya harare shi.

Abin da ke hana ni barci tambayar da Malam yake ta nanatawa: me ya sa addinin Buddha ya kafu a Sri Lanka da Sin da Japan, amma ya dusashe a gidansa Indiya? Yaɗuwar na iya. Bayan ɓarnar yaƙin Kalinga, wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Ashoka na Indiya ya tsaya wa addinin, ya sa aka sassaƙa umarninsa a duwatsu, aka ce ɗansa Mahinda ne ya kai shi Sri Lanka. Dusashewar ce rigima. Wasu su ɗora laifin kan hare-haren Turkawa a manyan makarantu irin Nalanda, wajen ƙarshen ƙarni na 12. Wasu su ce tun kafin nan sarakuna da attajirai sun janye hannu, addinin Hindu ya shanye mabiyan. Ni na fi karkata ga na biyun, don sufayen addinin Buddha da sadaka suke rayuwa. In mai bayarwa ya juya baya, wa zai ciyar da su?

Af, ka ji an kai kuɗin Sagir? Shi da ya rantse sai ya yi digiri na biyu!

Zan dai rubuta ra'ayoyin nan duka biyun a jarrabawa, in ƙara da Ambedkar, jagoran Dalit (mutanen da ake ƙyama a tsarin ajin Hindu), wanda ya shiga addinin tare da dubban ɗaruruwansu a Nagpur a 1956. Kai da kake can, tambayo mini abokan karatunka wanne aka koya musu a makaranta, ka turo kafin Litinin. Kuma turaren nan da ka yi alkawari, Hajiya ba ta manta ba.

Naka,
Sadiƙ