Zuwa ga Yaya, a kan ɗanka da kwamfutar makaranta

Birmingham, Lahadi 16 ga Nuwamba, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Na ji a saƙonka cewa ƙafar ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida ta yi alwala da kanta. Allah Ya ƙara afuwa. Mu nan sanyi ya kankama. Tun da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya a ƙarshen Oktoba, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi, yara kan yi magariba da kayan makaranta a jikinsu.

Na zaɓi in rubuta maka ne domin maganar ta fi ƙarfin kiran waya, kuma kai malami ne, ka fi ni sanin halin yara. A kan ɗanka ne, babban yaron gidana.

Ka san a makarantarsu kowane ɗalibi an ba shi Chromebook, wato ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, yana aiki da ita a aji, yana zuwa da ita gida. Intanet ɗin da ke cikinta an sa mata rariya: akwai shafukan da ba sa buɗuwa, kuma abin da yaro ya rubuta yana nema, idan ya ƙunshi wasu kalmomi, na'ura tana sanar da malamai. Ba ra'ayin makaranta ba ne kawai, gwamnati ce ta wajabta wa makarantun Ingila su tace kuma su sa ido. A farkon shekara ni da shi duk mun sa hannu a takardar yarda da wannan sharaɗi.

A nan watan Oktoba ne watan tarihin baƙar fata. Malamarsu ta tarihi ta ce kowa ya zaɓi wani babban mutum ya yi bayani a kansa a gaban aji. Ɗanka ya zaɓi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wallahi Yaya ranar da ya faɗa mini na ji daɗin da ban iya ɓoyewa ba, don na ɗauka shekara uku a nan sun fara wanke masa gida daga zuciya. Na zauna na ba shi abin da na sani, hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekarar, faɗuwar Alkalawa a 1808, da waƙoƙin Nana Asma'u. Da ya je makaranta ya rubuta jihadin Sakkwato a wurin bincike, wasu shafukan suka ƙi buɗuwa, allo ya nuna masa an toshe. Wani abokinsa ya raɗa masa wani shafi wanda fuskarsa ta darasin lissafi ce, amma cikinsa taga ce, ta nan ake leƙa duk abin da aka hana. Ya bi ta nan, ya samu abin da yake so, ya yi aikinsa, har malamar ta yaba.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila ban rubuta maka ba. Taga ta riga ta buɗe. Daga tarihin Shehu aka koma kallon ƙwallo ana tsakiyar darasi, daga nan wasanni. Ya nuna wa yara huɗu hanyar. Ɗaya daga cikinsu aka kama yana nuna wa ƙananan ɗalibai hotunan da ba zan iya rubuta irinsu a takardar da za ta shiga gidanmu ba. Da aka bi sawu aka iso kan ɗanka, aka tambaye shi, ya ce bai san zancen ba. Alhali komai yana rubuce a wurin masu kula da kwamfutocin, rana da sa'a.

Aka kira ni. Na nemi wani ya riƙe mini aikin safe a asibiti na tafi. Malamar da ke kula da tsaron yara ta karɓe ni da mutunci, ba ta ɗaga murya ba. Ta bayyana mini dalilin da ya sa ba sa wasa da wannan rariya. A 2018 wata yarinya 'yar shekara 15 a yankin Surrey ta kashe kanta bayan ta daɗe tana karanta miyagun abubuwa a na'urorin makarantarsu, binciken da aka yi bayan rasuwarta ya nuna ba a tace abin da take gani yadda ya kamata ba. Ta kuma gaya mini cewa hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar nan ta fitar da rahoto a Satumban da ya wuce: cikin kutse 215 da aka yi wa makarantu daga cikin gida tsakanin 2022 da 2024, kashi 57 cikin ɗari ɗalibai ne suka yi. Da yawa daga ciki ba da wata gwaninta ba, kalmar sirri ce aka gani a rubuce ko aka canka. Akwai dokar 1990 da ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma a Ingila daga shekara 10 doka tana iya hawa kan yaro. Ɗanka bai kai nan ba, alhamdulillahi, amma na ga hanyar ɗaya ce, tazara ce kawai. Hukuncinsa shi ne an karɓe kwamfutar na mako biyu, kuma ya riƙa tsayawa bayan tashi na kwana uku.

Da daddare bayan isha na kira shi ɗaki, mahaifiyarsa tana zaune. Ban yi faɗa ba. Na ce ya faɗa mini me ya sa. Ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ce, Baba, ai kai ma ka yi. Lokacin da aka rufe Twitter muna Kaduna, ni na riƙe maka wayar kana sa VPN.

Yaya, gaskiya ya faɗa. Ka tuna a watan Yunin 2021 da gwamnati ta dakatar da Twitter bayan an goge saƙon Shugaba Buhari, har ministan shari'a ya ce za a gurfanar da masu amfani da ita. Wata bakwai aka yi, sai Janairun 2022 aka buɗe. Duk tsawon lokacin nan da VPN muke shiga, manhajar da ake zagaye toshewa da ita, ni da kai da rabin mutanen da muka sani, kuma har yau ban ga laifinmu ba. Kotun ECOWAS ma daga baya ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Yaron yana ɗan shekara goma yana kallo, ya ajiye a ransa. A nan ma ba yara kaɗai ba ne. Da aka fara tilasta tantance shekaru a wasu shafuka ranar 25 ga Yulin bana, cikin kwanaki manhajojin VPN suka hau kan gaba a jerin waɗanda aka fi saukewa a Birtaniya. Yaran suna ganin manya suna tsallake katanga, sannan a ce musu su kada su kuskura.

Daren nan ban ba shi amsa ba. Na ce ya je ya kwanta. Kwana biyu ina juya maganar, a bas, a wurin aiki, kafin na gane inda bambancin yake.

Waya tawa ce, da kuɗina na saya, da kuɗina na sa data, kuma ban taɓa yi wa kowa alkawarin ba zan karanta labarai ba. Ita kuwa kwamfutar nan amana ce aka ba shi, da sharaɗi, ya karanta ya sa hannu. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura, bai ware alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, mu da muka zagaya, a kanmu kaɗai abin ya tsaya, mu manya ne. Shi tagar da ya buɗe ba ta tsaya a kansa ba, ta kai ga idon yara 'yan shekara 11 da iyayensu suka kawo su makaranta da yaƙinin an tsare su. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne ƙaryar. Wanda ya yarda abin da ya yi daidai ne ba ya musu idan an tambaye shi. Mu a 2021 a fili muke faɗa muna kan Twitter. Shi da kansa ya san tun ranar da ya koma kallon ƙwallo zancen ya daina zama na ilimi.

Amma kada ka ɗauka na wanke makarantar. Da na tambaye shi me ya hana shi ɗaga hannu ya ce wa malama an toshe masa shafin aikin da ita ta ba shi, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, Baba, ni Musulmi, baƙi, in miƙe a aji in ce a buɗe mini shafin jihadi? Tun 2015 doka ta ɗora wa makarantun ƙasar nan nauyin sa ido kan yaran da ake tsoron za su faɗa tsattsauran ra'ayi, su kai rahoto, shirin da ake kira Prevent. Yaranmu sun san da shi, suna jin labarinsa a tsakaninsu, kuma suna tsoronsa. Na'ura ba ta san Shehu ba, ba ta san garinsa Degel ba, kalma ɗaya ta gani ta rufe ƙofa. Yaro ɗan shekara 14 ya ga tarihin kakanninsa an jera shi da abin kunya. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Na koma makarantar na faɗa wa malamar haka, ban rage komai ba. Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Ashe akwai hanyar da malami zai nemi a buɗe shafi idan na karatu ne, cikin yini ɗaya ko biyu a duba a buɗe, amma ba wanda ya taɓa gaya wa yaran. Ta yi alkawarin za a sanar a taron safe. Ni kuma na ce wa ɗanka, in aka sake rufe masa ƙofar da yake da haƙƙin shiga, ya zo ya gaya mini, ni zan je in ƙwanƙwasa tare da shi, ko sau nawa ne. Na karanta masa ayar Baƙara da ta ce a zo wa gidaje ta ƙofofinsu. Ya rubuta wa malamar takardar ban haƙuri da hannunsa, ba ni na tsara masa ba, kuma ƙaryar ya fara ambata kafin komai. Ranar Litinin da ta wuce aka mayar masa da kwamfutar.

Yanzu ga abin da nake so daga wurinka. Yana jin maganarka fiye da tawa, ka san ni da shi akwai kunya, ba komai nake iya faɗa masa ba. Ka kira shi ranar Asabar da hantsi, lokacin yana gida. Kada ka nuna masa na faɗa maka komai da komai, ka tambaye shi aikin da ya yi a kan Shehu, ka bar shi ya kawo sauran da kansa. Idan kuma kana da wani ƙaramin littafi na tarihin daular Usmaniyya da Hausa, ka ba wanda zai zo a Disamba ya taho mana da shi, ina so ya riƙa karanta mini da daddare.

Maganar wayar da ka ce 'yata tana roƙo tunda ta shiga aji huɗu na sakandare, ban ce kada ka saya ba. Amma ka zauna da ita tun kafin wayar ta shigo hannunta, ku yi sharaɗi a fili, ka gaya mata dalilin kowanne, kuma ka gaya mata wurin wa za ta zo in ta ga an hana ta abin da bai kamata a hana ta ba. Ni wannan na ƙarshen ne ban yi ba.

Kada Hajiya ta ji wannan zance, hankalinta zai tashi a banza. Na tura kuɗin maganinta ranar Alhamis, ka duba ka sanar da ni in sun shigo. Mai ɗakina tana gaishe ku, tana tambaya ko an samu daddawar da kukar. Auta ta ce a gaya wa Baba Babba ta kai izu biyu. A gaida Yaya Babba da yara, da mutanen masallacin ƙofar gida.

Wassalam,
Ƙaninka.