A Riƙa Bincikar Kube Kafin a Yarda da Labarin Dillali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwanmu masu sana'ar kayan tarihi a Legas, da iyalan 'yan mazan jiya, game da kuben wuƙar bakin bindiga, wanda masu tara tsofaffin kayan soja ke nema ido rufe. A rumfunan kayan tarihi na wannan gari, da wuya a miƙo wa mai saye irin wannan wuƙa ba tare da an ce daga yaƙin Burma ta dawo da kubenta ba. Labarin yana shiga kunne domin yana da tushe: runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Burma tsakanin 1943 da 1945, 'yan Arewa suna da yawa a cikinsu, kuma har gobe barikin Arakan da ke Apapa da na Dodan suna ɗauke da sunayen wuraren da aka gwabza a can. Sai dai gaskiyar wannan tarihi ba ta zama shaida a kan kowane kube da ke rataye a rumfa ba.

Wuƙa da kube abubuwa biyu ne, kowanne da tasa shaidar. Ƙarfen wuƙa yana jure shekaru, amma fata tana bushewa, ɗinki ya ɓalle, saboda haka an sha haɗa tsohuwar wuƙa da sabon kube a sayar da su da farashin kayan asali. Wadda aka fi gani a wajenmu ita ce ta Ingila samfurin 1907, wadda tsawon kaifinta inci 17 ne, wadda ake ɗaura wa bindigar Lee-Enfield. Lambar 1907 da ke gindin kaifinta shekarar samfuri ce, ba shekarar ƙira ba. Wata da shekarar ƙira suna ƙarƙashinta cikin ƙananan lambobi, kusa da sunan maƙera irin su Wilkinson ko Sanderson. Kubenta na fata ne mai kauri da ɗinki a baya, da bakin ƙarfe a sama da wani ƙarfen a gindi, waɗanda aka maƙale da 'yan ƙusoshin waya. A gefen ɗinkin nan ake neman alamar kan kibiya ta gwamnatin Ingila, da hatimin mai duba kaya, sau da yawa har da shekara. Hatimin da ya shekara ɗari yakan lafe ya saje da fatar, gefensa ya yi laushi. Wanda aka buga kwanan nan kuwa yakan fito da kaifi, wani lokaci ma a kan tsagewar fata, alhali tsagewa ce ya kamata ta ratsa hatimi. Maɓallin ƙarfen da ake rataya kuben da shi ma yana magana, domin na farko-farko mai siffar ɗigon hawaye ne, na baya kuma zagayayye.

A nan ne nake ganin ana yin kuskure ta fuska biyu. Wasu suna ɗauka duk kuben da shekararsa ta saɓa da ta wuƙa jabu ne, alhali sojan Ingila ba su ɗaure wuƙa da kube ɗaya ba, ma'ajin makamai yana musanya wanda ya lalace ne kawai. Haka kuma gajeren kube ba lalle ne a ce an yanke shi a kasuwa ba, domin a Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar Ishapore ta Indiya ta ƙera gajerun wuƙaƙe da tsawon kaifinsu kusan inci 12 ne, kuma an yi aiki da su a fagen Burma. Wasu kuma suna yin sakaci inda ya kamata a tsananta. Wuƙar Faransa ta bindigar Lebel samfurin 1886, wadda kan shigo mana ta ƙasashen maƙwabta, tana da lamba a jikinta da irinta a kuben ƙarfenta, haka ma ta Jamus ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, mai lamba da alamar maƙera da shekara a wuƙa da kube. Idan lambobin suka saɓa, to haɗin gambiza ne, kuma wajibi ne farashi ya nuna hakan. Wanda kuma ya ce kubensa ganima ce ta yaƙin Kamaru, wanda ya ƙare da miƙa wuyan Jamusawa a Mora a 1916, ba zai yiwu ya ɗauko kube mai shekarar 1940 ba.

Tsufan ƙarya yana da saurin ganewa ga wanda ya natsu. Fatar da aka shafa wa baƙin mai aka shanya a rana takan yi baƙi bai ɗaya har cikin ɗinki, tana wari, kuma zarenta yakan zama na roba. Tsatsar da aka jawo da ruwan gishiri ja ce mai gari, ta shekaru kuwa duhu ce mai santsi, kuma ta fi yawa inda hannu ba ya kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne kuben da dukawanmu suka gyara ko suka sake ɗinka wa tsohon soja bayan ya dawo gida. Dillalai suna ɓoye wannan aiki, wasu har su cire shi su saka na kwaikwayo da aka shigo da shi daga waje, suna ganin aikin gida yana rage daraja. Ni a ganina kuben da baduku ya yi wa wuƙar kakan wani, in an faɗi haka a fili, shaida ce ta rayuwar mutumin bayan yaƙi, wadda babu wata masana'antar Turai da za ta iya bayarwa. Ina roƙon iyalan da ke da irin wannan gado kada su goge shi da sanfefa, kada su sake masa fata, kuma su rubuta sunan mai shi da lambarsa ta soja da bataliyarsa tun dattawan gida suna raye, su ajiye tare da takardar sallama da lambobin yabo idan akwai. 'Yan kasuwa kuma su riƙa gaya wa mai saye abin da suka tabbatar da abin da suka ji a baki, kowanne daban, domin mai sayen da ya gano an ruɗe shi sau ɗaya ba ya sake komawa layin gaba ɗaya.

Naka,
Wani mai karatu,
Agege, Legas.