Wasiƙa zuwa Kumasi kan tafiyar yaronmu Bentiu

Kaduna, Najeriya.

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da duk mutanen zango. Mu ma nan kalau muke, sai gwiwar nan da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da sanyi ya shigo. Saƙonka ya iso. Na ji an sa sunan yaronmu cikin bataliyar da za ta Sudan ta Kudu, kuma tun ranar Hajiya ba ta runtsa ba. Ka ce in gaya maka tsakani da Allah, ni da na taɓa aikin, shin yaƙi za shi ko kuwa? Amsar ta fi ƙarfin katin waya, shi ya sa na ɗauki biro.

A takarda dai raba faɗa ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da soja ko ɗaya nata na kanta, aro take yi wurin ƙasashe. Ta fara ne a 1948, da ta aika hafsoshi ba ko bindiga su sa ido kan tsagaita wuta tsakanin Larabawa da Isra'ila. Runduna mai makami kuwa sai a 1956, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka far wa Masar saboda shugabanta Nasser ya karɓe mashigin ruwan Suwez. Ministan wajen Kanada, Lester Pearson, ya kawo shawarar a jibge sojojin ƙasashen da ba ruwansu da rigimar a tsakani, Sakatare Janar Dag Hammarskjöld ya haɗa su cikin 'yan kwanaki. A nan aka fara sa shuɗiyar hular kwano. Sharuɗɗan aikin uku ne, har gobe su ake karanta wa yara kafin su hau jirgi: sai masu faɗan sun yarda ka shigo, ba ka goyon bayan kowa, ba ka harbi sai don kare kai. Ka lura da na farkon. A watan Mayun 1967 Nasser ya ce su kwashe kayansu, suka kwashe, ba a yi wata guda ba yaƙi ya ɓarke.

Namu rabon ya fara ne daga Kwango. Da muka shiga soja mun tarar da tsofaffin samanjojin da suka je, kuma in suka fara labarin Kwango sai dai a kira sallah. Ƙasar ta sami 'yanci daga Beljiyam a ƙarshen Yunin 1960, ba a yi mako ba sojojinta suka yi bore, lardin Katanga mai arzikin tagulla ya ɓalle. Firayim Minista Lumumba ya nemi agaji, sojojinku na Ghana na cikin waɗanda suka fara sauka, namu suka bi baya 'yan makonni bayan mun karɓi tuta. Rundunar ta kai kusan mutum 20,000. Tsofaffin nan sun ce in suka haɗu da na Ghana da Hausa suke cinikin taba da sabulu, don ita ce harshen bariki a ƙasashen biyu tun zamanin Turawa.

To ga inda aikin ya nuna halinsa. Lumumba yana son a murƙushe masa Katanga, Majalisa ta ce ba abin da ya kawo ta ke nan ba. Aka kama shi, aka kashe shi a Janairun 1961, alhali ƙasar cike take da masu shuɗiyar hula. A Afrilun wannan shekara aka kashe sojojin Ghana fiye da 40 a Port Francqui. A Satumba jirgin Hammarskjöld kansa ya faɗi kusa da Ndola. Daga ƙarshe yaƙin da aka ƙi yi tun farko shi aka yi, Katanga ta miƙa wuya a 1963, kuma Janar Ironsi namu ne ya jagoranci rundunar a watanninta na ƙarshe a 1964. Wani abu da nakan yi tunani a kai: Ironsi, Gowon, Murtala, Obasanjo duk sun je Kwango. Ankrah da Kotoka da Afrifa, waɗanda suka gaji Nkrumah da ƙarfin bindiga a 1966, su ma haka. Ba na cewa can suka koyo juyin mulki, amma can suka ga yadda gwamnati ke faɗuwa cikin dare ɗaya.

Ni abin da idona ya gani Laberiya ce, kuma mu ba tutar Majalisa muka ɗauka ba, ECOMOG ce ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Hujjar manyanmu ita ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Rukunin farko sun sauka tashar jiragen ruwan Monrovia a Agustan 1990 ana ruwan harsashi, don madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya riga ya ce bai yarda ba. Kwamandan farko naku ne, Janar Arnold Quainoo, kuma a hedikwatarsa mutanen wani madugun 'yan tawaye, Prince Johnson, suka zo suka ɗauke Shugaba Doe. Bayan wannan abin kunya aka kawo Janar Dogonyaro, aka ajiye maganar raba faɗa aka shiga yaƙi gadan-gadan.

Ba igwa ce ta fi damuna a can ba, Alhaji, shingen bincike ne. Kana tsaye da rana tsaka sai ga yaro, bai fi shekara goma sha biyu ba, ya sa gashin kanti na mata a ka, ga layu a wuya, idanu jajir saboda ƙwaya, bindigar da ya rataya tana bugun ƙaurinsa. Doka ta ce kada ka fara harbi. Shi kuma ba wanda ya karanta masa wata doka. Sai ka kama lallashi da muryar da kake yi wa ɗanka magana, yatsanka na kan kunama, kana roƙon Allah kada ya ɗaga hannu. Irin waɗannan yaran ne suka jeru a ƙarshen 1996 suna miƙa mana makamai. A 1997 aka yi zaɓe, Taylor ɗin da muka yi shekaru muna yaƙa ya cinye da kusan kashi 75 cikin 100, don mutane sun san in ya faɗi daji zai koma. Bayan shekara biyu wani yaƙin ya tashi. Laberiya ba ta zauna ba sai 2003, da aka kai Taylor Kalaba, masu bindiga suka gaji da kansu. Daga nan ne sojojin Majalisa suka yi aikin da ake yabo har zuwa 2018. Abin da na ɗauka ke nan daga aikin baki ɗaya: inda masu faɗa suka gaji, baƙon soja yana riƙe musu sulhun har ya kafu. Inda ba su gaji ba, shi ma abin hari ne.

Akwai labarin da nake so ka ba yaron kafin ya tashi, don gadonsa ne. A Afrilun 1994, da aka fara yanka Tutsi a Ruwanda, Majalisa na da soja wajen 2,500 ƙarƙashin Janar Dallaire ɗan Kanada. Aka kashe 'yan Beljiyam 10, Beljiyam ta janye nata. Maimakon a ƙaro, sai Kwamitin Sulhu ya zauna a New York ya rage rundunar zuwa 270. Dama gwiwar manyan ƙasashe ta yi sanyi tun da aka kashe Amurkawa 18 a Mogadishu a Oktoban 1993. (Wata guda kafin nan an kashe namu 7 a garin, ban ji duniya ta girgiza ba.) Mataimakin Dallaire, Birgediya Henry Anyidoho na Ghana, ya tsaya da mutanensa fiye da 400, ga ƙarancin harsashi ga ƙarancin abinci, suka tsare dubban mutane a filin wasa na Amahoro da wasu wurare. Wani kyaftin ɗan Senegal, Mbaye Diagne, ya yi ta kwaso mutane a motarsa yana ratsa shingayen masu adda da raha da kyautar taba, har igwa ta kashe shi a ƙarshen Mayu. An kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100. Shekara na zagayowa aka kwashi Musulmin Bosniya kusan 8,000 a Srebrenica a gaban bataliyar Holan, aka hallaka su.

Kunyar waɗannan biyun ce ta sa aka fara rubuta kare farar hula cikin umarnin aiki, kuma inda yaronmu za shi an gwada abin. Da faɗa ya tashi tsakanin mutanen Shugaba Salva Kiir da na abokin hamayyarsa Riek Machar a Disambar 2013, sansanonin Majalisa suka buɗe ƙofa, jama'a suka kwarara. A Bentiu kaɗai, inda bataliyar Ghana take, sun haura 100,000. Wannan na yaba. Amma a Yulin 2016 a Juba an yi ta kiran agaji kusa da sansani ba wanda ya fito, har sai da aka tuɓe kwamandan, wani janar ɗan Kenya.

Masu rubuta umarnin nan ba 'ya'yansu ke tsayuwa a shinge ba. Amurka da Sin ake ɗora wa kaso mafi tsoka na kuɗin aikin, sojan kuma daga Nepal, Bangladesh, Indiya, Ruwanda, Pakistan da irinmu yake fitowa. Ka tambayi mutanen Nijar da Chadi abin da suka binne a Mali, inda rundunar ta rasa mutum fiye da 300 cikin shekara goma, ƙarshenta a 2023 gwamnatin ƙasar ta ce su fita. Mu ma a Haskanita ta Darfur, cikin azumin 2007, an auka wa sansanin Tarayyar Afirka aka kashe namu 7.

Yanzu ga abin da za ka gaya wa Hajiya, kuma gaskiya ne. Cikin mutum sama da 4,000 da suka rasu a wannan aiki tun 1948, ciwo da haɗari sun fi harsashi cin rai. Bentiu fadama ce, tun 2021 ambaliya ta kewaye ta, ganuwar ƙasa ce ke tare ruwan. Sauro da ruwan sha da hanya su ne abin tsoro kafin 'yan bindiga. Ya sha maganin zazzaɓinsa kan ƙa'ida, kada ya yi wasa da gidan sauro. Ka kuma ja masa kunne kan matan sansani. Mace mai yunwa ba ta da bakin cewa a'a, kuma wannan ɗabi'a ta zubar da mutuncin aikin a Kwango da Afirka ta Tsakiya.

Batun kuɗi, Majalisa na ba gwamnati dala 1,400 da 'yan kai duk wata kan kowane soja, gwamnati ce ke yanke abin da zai shiga hannunsa. Ya tambaya tun yanzu nawa ne nasa, ya kuma sa a riƙa tura maka wani kaso ka nema masa fili. Na ga waɗanda suka dawo da rediyo da agogo, bayan shekara ba ko ɗaya.

In an sa ranar tashi ka sanar da ni, zan sa a yi masa saukar Alƙur'ani a masallacinmu. Ka ba shi lambata ya kira ni, akwai abin da soja ba ya faɗa a gaban uwarsa. Goron da ka aiko ya iso, an gode, har maƙwabta sun samu. Mai ɗakina tana gaida Hajiya.

Wassalam,
Amininka na Kaduna.