Hawan jini ba zuciya kaɗai yake taɓawa ba, har tsokar ƙafa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a bani ɗan fili, don duk sanda aka tado maganar hawan jini a jarida ko rediyo zuciya da ƙoda da shanyewar ɓarin jiki kawai ake ambata, ba mai taɓo tsoka. Babana shekara takwas kenan yana shan magani, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga yace sha-raɓarsa ta yi nauyi, mu kuma muka ce tsufa ne, muka hana shi ko zuwa kasuwa wai ya huta. Wallahi yanzu abin yana damuna.

Ɓeraye ne suka sa na gane. A 1963 wasu masana biyu a Kyoto ta Japan, Okamoto da Aoki, suka riƙa haɗa ɓerayen da jininsu ke hawa suna hayayyafa har aka samu irin da ke gadon ciwon, in sun girma awon jininsu na sama, wato lambar farko da ake karantawa, yakan kai 180 zuwa 200. Da aka duba tsokarsu a madubin likita sai aka ga siraran jijiyoyin nan da suka fi gashi siranta, masu kai iska da abinci cikin nama, sun ragu. Wasu rufewa suke fara yi jini ya daina bi, daga baya su ɓace gaba ɗaya. Waɗanda suka ɗan fi su girma kuma bangonsu ya yi kauri hanyar ta matse.

Duk mai noman rani zai gane wannan, in ƙananan magudanai suka toshe ruwa matsuwa yake a babbar kwata, fangalin da ke can ƙarshe kuma ya bushe. To haka jinin yake ƙara hawa saboda hanyoyin sun ragu, tsokar kuma tana zaune da ƙishi. Har zaren tsokar sha-raɓa ma yana sauyawa a ɓerayen nan, mai juriya ya ragu, mai saurin gajiya ya ƙaru.

Amma ga inda raina ya yi sanyi. Masana a Sao Paulo ta Brazil sun ɗora irin ɓerayen nan kan injin gudu na wasu makonni, gudu kaɗan-kaɗan ba na wahala ba, siraran jijiyoyin suka ƙaru, kaurin bangon ya ragu, jinin ma ya ɗan sauka duk da bai koma daidai ba. Na sani ɓera ba mutum bane, amma a fatar masu hawan jini ma an ga raguwar jijiyoyin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, gishiri kuma kar ya kai giram 5 a rana, mu da ake zuba dunƙule uku a miya ɗaya ga gishiri a kai.

Mun kai Baba likita ya duba ƙafar tukuna, don ciwon ƙafa wajen tafiya yana iya zama toshewar babbar jijiya, yace ya ci gaba da maganinsa kuma ya riƙa tattaki. Yanzu bayan asuba tare muke zaga unguwa, yana gaba da carbinsa ina binsa.

Roƙona Malam Edita, kafin 17 ga Mayu ranar hawan jini ta duniya ku gayyato likita ya yi wa jama'a bayanin wannan da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya