A daina auna bahasin ɗalibi da yawan shafuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan bahasi da sauran ayyukan rubutu da malamai suke ba ɗaliban jami'a, domin batu ne da ya shafi ɗalibanmu da suke karatu a nan Saudiyya, ya kuma shafi kwalejoji da jami'o'in gida, inda da yawa daga cikinsu suke komawa su kama koyarwa da irin salon da aka koyar da su.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, koken malamai ya ƙaru cewa ɗalibai ba sa karatu, na'ura ce take rubuta musu. Ban musa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tun kafin ChatGPT akwai Shamila, manhajar nan da ta tattara dubban littattafan Larabci, wadda ɗalibi zai buga mata kalma ɗaya ta zazzago masa duk wuraren da aka ambace ta. A ganina, babban kaso na matsalar yana cikin yadda ake tsara aikin tun farko. Idan malami ya ce, "Ka rubuta bahasi a kan zakka, kada ya gaza shafi 20," bai nemi komai ba sai tulin takarda, kuma tulin takarda shi zai samu.

Duk wanda ya leƙa ɗakin kwanan ɗalibai a daren da za a miƙa aiki ya san abin da nake nufi. Za ka tarar da yaro ya buɗe kwamfuta, kofin shayi ya huce a gefensa, yana kwaso ma'anar zakka a lugga daga ƙamus uku, ya kwaso ma'anarta a shari'a daga mazhabobi huɗu, ya jera ayoyi da hadisai, sannan ya ƙara girman harafi, ya buɗa tsakanin layuka, har shafukan su cika. Ya yi gabatarwa, ya yi kammalawa, ya jera manazarta. Idan ka tambaye shi wane ra'ayi ya fi ƙarfi a wurinsa, sai ya dube ka ya ce malam bai tambayi wannan ba. Kuma gaskiya ya faɗa.

Masana harkar ilimi sun daɗe da bambance matakan tunani. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da tsarin da ya fara daga tuna abin da aka koya, ya wuce zuwa fahimta da aiki da shi, har ya kai ga tsattsefe bayani da yanke hukunci a kansa, kuma an sake yi masa kwaskwarima a 2001. Mu da muka taso a kan littattafan fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan, domin malamanmu sun san tazarar da ke tsakanin mai hadda da wanda zai iya rinjayar da wata magana a kan wata da hujja. Abin mamaki shi ne, jami'a takan ce tana son na biyun, amma aikin da take bayarwa na farkon yake nema.

Bari in koma kan zakkar. Imam Malik yana ganin babu zakka a kan kayan adon zinariya da mace take sawa, Imam Abu Hanifa kuwa yana ganin akwai. Da malami zai ce, "Ga matar da ta mallaki sarƙa da awarwaron da nauyinsu ya kai nisabi, tana sa su lokacin biki kawai, sauran shekara suna cikin akwati, ka kawo hujjar kowane ɓangare, ka nuna inda saɓanin ya samo asali, ka faɗi abin da za ka ce mata da dalilinka, a shafi uku," da ɗalibin ya fi shan wahala fiye da yadda shafi 20 ya wahalar da shi, amma wahala ce mai amfani. Dole ya karanta hujjojin da kansa, dole ya lura cewa yawan ajiye kayan yana iya canza fuskar mas'alar, dole kuma ya tsaya a wuri ɗaya. Ko da ya nemi taimakon na'ura, minti biyar na tambaya baki da baki ya isa ya nuna ko ya fahimci abin da ya miƙa.

Sai batun nauyi, wanda ba kasafai ake lissafa shi ba. Ƙa'idar da jami'o'i da dama suka ɗauko daga Amurka ita ce, kowace awa ɗaya a aji tana buƙatar kimanin awa biyu na aiki a waje. Ɗalibin da yake da awa 18 na darasi a mako, ke nan yana da awa 36 da zai raba tsakanin bita da karatu da rubutu, ban da haddar Alƙur'ani da matanonin littattafai ga waɗanda suke kulliyoyin addini. Amma kowane malami yakan tsara aikinsa kamar darasinsa kaɗai ɗalibin yake yi, sai bahasi shida ko bakwai su haɗu a mako biyun ƙarshe na zango, dab da jarrabawa. Ɗalibinmu kuma da Larabci yake rubutu, harshen da wani bai daɗe da fita daga ajin koyonsa ba, don haka shafin da Balarabe zai rubuta a awa ɗaya yana iya cinye masa yamma guda.

Shi kansa malamin bai tsira ba. Idan yana da ɗalibai 80, kowa ya miƙa shafi 20, shafi 1,600 ke nan a gabansa, kuma ko minti uku kawai zai ba kowane shafi, sai ya yi awa 80 yana dubawa. Mun san ba zai yi ba. Zai leƙa gabatarwa, ya duba manazarta, ya ɗora maki, ɗalibin kuwa ba zai taɓa sanin inda hujjarsa ta yi rauni ba.

Shawarata ga shugabannin sassa, a nan da gida, ita ce su zauna da malamansu a farkon zango su shimfiɗa dukkan ayyukan a kan jadawali ɗaya, su ƙiyasta awannin da kowanne zai ci, su hana su cunkushewa a mako guda. Kowane malami kuma ya rubuta a saman takardar aikin irin tunanin da yake nema, ko kwatanta ra'ayoyi ne, ko aiki da ƙa'ida a kan sabuwar mas'ala, ya kuma bayyana yadda zai raba maki. Dogon bahasi yana da muhallinsa, musamman a shekarar ƙarshe, amma a riƙa karɓarsa kashi-kashi, tambayar da za a amsa a mako na uku, daftarin farko a tsakiyar zango, domin malam ya samu damar gyara tun ɗalibin yana da lokacin da zai yi aiki da gyaran.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗalibin babban digiri,
daga Madina, Saudiyya.